Bin sawun aya: Katsina, Maraɗi, Damagaram da Daura

Kawuna ya daɗe yana sayen aya da riɗi a Katsina yana tura wa dillalan Dawanau a Kano. Da na gama karatu na dawo shagonsa ina riƙe masa littafin lissafi, sai na fara damunsa da maganar mu sayi injin tace aya da cire tsakuwa, mu daina sayar da kaya da ƙasarsa. Bai ce a'a ba, bai ce to ba. Da hunturu ya kama sai ya ce in shirya jaka, za mu je in ga inda ayar take fitowa da idona tukuna, in ya so sai mu yi maganar inji. Muka yi asuba a masallacin unguwa, muka fita ta Ƙofar Guga muka kama hanyar Jibiya.

Hanyar ba ta kai kilomita 50 ba, amma ta cinye mana safiya. Motar haya ce, an cusa mutum biyu a gaba, huɗu a baya, but ɗinta a buɗe an ɗaure katan-katan na taliya da omo da igiya. Ba mu yi nisa da barin gari ba aka fara tsayawa. Wani shingen na gaske ne, da buhunan yashi da mutane riƙe da bindiga, kuma babu wanda zai yi ƙorafi a kansa, domin duk wanda ya san abin da 'yan bindiga suka yi wa ƙauyukan Jibiya da Batsari a shekarun nan ya san amfaninsa. Wani kuwa katako ne mai ƙusoshi da yaro a tsaye yana ja yana mayarwa, mai kayan sarki yana zaune a inuwa. Direbanmu ya tanadi canji a ƙarƙashin tabarmar gaban mota, kafin ya tsaya ya riga ya naɗe abin da zai miƙa. Ba a duba kaya, ba a tambayar takarda. Na tambaye shi yadda yake cin riba a haka, ya ce: "Ai ba ni ke biya ba, ɗan'uwa. Mai kaya ke biya, shi kuma ya ɗora wa mai saye." Wata dattijuwa da ke gefena, mai kai atamfa da turaren wuta Maraɗi, ta ce kuɗin da take kashewa tsakanin Katsina da bakin iyaka ya fi wanda take biya daga Kantin Kwari zuwa Katsina. Tun daga nan na fara rubuta kowane tsayi a littafina, har Kawu ya taɓa ni ya ce in mayar da biro aljihu kada wani ya ɗauke ni ɗan jarida.

A Magama muka sauka. Nan hanya ke rabuwa, ɗaya ta wuce cikin Jibiya, ɗaya ta miƙe arewa zuwa iyaka. 'Yan canji na zaune a kan benci da jakunkuna a cinya da ƙananan kalkuleta. Na canza kuɗin guzuri, jika ɗaya ta sefa, wato sefa dubu, a kan sama da N2,500. Kafin a saki naira a watan Yunin 2023, Kawu ya ce rabin wannan ma ba ya cika biya. Ita sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 a kan yuro ɗaya, ba ta motsi. Tamu ce ta yi ƙasa. Wannan kaɗai ya juya kasuwar iyaka: mutumin Nijar in ya shigo da sefarsa kayan Nijeriya sun yi masa araha, mu kuwa in mun ƙetara komai ya yi mana tsada.

Ɗan canjin tsohon abokin Kawu ne, ya sa aka kawo mana shayi da ƙosai, ya shiga lissafa mana shekarun wahala. An rufe iyaka a watan Agustan 2019 saboda shinkafar waje. Da aka buɗe wasu iyakokin a Disambar 2020 ba a haɗa da Jibiya ba, sai Afrilun 2022. Ba a gama farfaɗowa ba sojoji suka yi juyin mulki a Yamai ranar 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka sake rufewa har Maris na 2024. Ya nuna min wani fili da ya ce a da tireloli ke kwana a cikinsa, masu abinci da masu faci da masu wankin mota suna ci a gefe. Da yawan yaran da suka rasa wannan abincin, in ji shi, wasu sun tafi ci-rani Legas, wasu sun koma fito da babur ta daji, wasu kuma gara kada a faɗi inda suka shiga. Duk wanda ya zauna a Abuja ko Yamai ya sa hannu a takardar rufe iyaka, ina ganin ya kamata a kawo shi wannan benci ya zauna wuni guda.

Ƙetarawar ba ta yi wuya ba tunda muna da takardunmu. Ko da yake Nijar ta fice daga ECOWAS a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025 tare da Mali da Burkina Faso, har yanzu talaka na shiga yana fita. A Ɗan Isa aka sauke mu duka, kowa ya miƙa katinsa, aka kira suna ɗaya-ɗaya. Shingayen can ba su kai namu yawa ba, amma sun fi tsanani a kan takarda: wanda ba shi da kati sai ya shiga ɗaki ya fito da fuska a murtuke. Daga nan zuwa Maraɗi gonakin gero ne da aka girbe, da rumbuna, da amalanken shanu.

Mun sauka a gidan wani Alhaji, uban ɗakin Kawu tun zamanin da suke fataucin gyaɗa. Al'adar nan ta sauke baƙon kasuwa tana nan da ranta a Maraɗi: aka ba mu ɗakin soro, aka shimfiɗa darduma, aka kawo ruwan wanka, babu maganar kuɗi. Ladan maigida yana zuwa ne in an yi ciniki ta hannunsa. Da rana aka kawo fura da nono mai kauri da dambun zogale da aka yi wa ƙuli-ƙuli da mai, da dare tuwon gero miyar kuka da gasasshen naman rago. Da safe kuwa dogon burodin nan na Faransawa mai ƙarfin ɓawo da shayi mai madara. Ban ji baƙunta ba ko kaɗan. Hausarsu tamu ce, sunayen sarautunsu namu ne, kuma ba abin mamaki ba ne, domin bayan da Ummarun Dallaji ya karɓi Katsina a 1807 zuriyar sarakunan da aka kora ce ta kafa Maraɗi ƙarƙashin Ɗan Kasawa, har gobe sarkinsu Sarkin Katsina ake ce masa. Alhaji ya ce tsohon garin a fadama yake, ambaliyar 1945 ce ta sa aka hau tudu aka yanka waɗannan tituna miƙaƙƙu.

Washegari ya kai mu rumbunan ajiyarsa. Manyan ɗakuna ne masu ƙofar ƙarfe, tirela na iya shiga har ciki. Ɗaya ne kawai ke da kaya, sauran sai ƙura da tantabaru. A nan na fahimci yadda Alhazan Maraɗi suka yi arziki da kuma abin da ya same su. Shekaru da dama sana'ar ita ce a sauke kaya a tashar jirgin ruwa ta Kwatano, a hau da su ta Gaya zuwa Maraɗi a matsayin kayan wucewa, sannan a tsallako da su Nijeriya: shinkafa, atamfa, gwanjo, man girki, motoci na hannu. Duk abin da gwamnatin Nijeriya ta hana ko ta tsawwala wa haraji, a Maraɗi yake kwana kafin ya wayi gari a Katsina da Kano. Lokacin da muka je iyakar Nijar da Binin ta daɗe a rufe ta ɓangaren Nijar, kaya sai sun zagayo ta Lome su ratsa Burkina Faso da rakiyar sojoji, ayari guda ya yi makonni a hanya. Ga naira ta faɗi, mai saye na Nijeriya ba ya iya ɗauka. "Ɗana," in ji Alhaji, "mun shekara arba'in muna cin kuɗin wucewar kaya. Da mun sa rabin wannan kuɗi a masana'anta, da yau rufe iyaka bai durƙusar da mu ba." Kawu ya yi shiru yana kallon ƙasa. Ni kuwa maganar ta shige ni, don ita ce nake ta son faɗa a gida ban sami bakin faɗa ba.

Na tambaye shi batun da muke ji a rediyo, cewa tattalin arzikin Nijar na cikin masu saurin bunƙasa a Afirka. Gaskiya ne a takarda. A 2024 ya ƙaru da sama da kashi 8 cikin ɗari, kuma dalilin a fili yake: bututun mai na kusan kilomita 2,000 da kamfanin CNPC na Sin ya shimfiɗa daga rijiyoyin mai na Agadem zuwa gaɓar teku a Binin, wanda ya fara lodin jirgi a Mayun 2024. Ƙasar da ke haƙo ganga 20,000 a rana ta sami hanyar fitar da har 90,000 a kan wannan. Amma ɗanyen mai a ƙarƙashin ƙasa yake wucewa, ba ya tsayawa a Maraɗi ya sha ruwa, ba ya ɗaukar ɗan dako. Alhaji ya ce shi ma'auninsa na bunƙasa shi ne yawan yaran da ke zuwa ƙofarsa da safe neman aikin lodi da yawan waɗanda yake iya ɗauka, kuma a wannan ma'aunin ba a ci gaba ba. Ban ɗauki maganarsa a matsayin ƙaryata alƙaluma ba. Duka biyun gaskiya ne, kuma mu 'yan Nijeriya mun fi kowa sanin yadda ƙasa ke sayar da mai shekara sittin talaka bai ji a tukunyarsa ba.

Da yamma na zaga kasuwa ni kaɗai a kan kabu-kabu, dala arba'in zuwa hamsin, wato sefa 200 zuwa 250, duk inda za ka a cikin gari. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yawan kayanmu. Bokitai da kujerun roba na Kano, taliya, biskit, sabulu, lemon kwalba, takin zamani, maganin feshi, katifu, silifa, kusan duk daga Nijeriya. Ga kuma kayan Sin da na Dubai da na Aljeriya, musamman dabino da taliya da madara da ke gangarowa ta Agadas. Abin da aka ƙera a Nijar ɗin kansa kaɗan ne. Wani abu da suka fi mu kuwa shi ne aika kuɗi: ofisoshin Nita da Amana da Al Izza a kowace kusurwa, ɗan kasuwa ya ba da kuɗi a Maraɗi, kafin ya fita ƙofa an karɓa a Yamai ko Kwatano. Mu POS da taransifa ta waya suka fi yawa a wurinmu, su kuwa tsabar kuɗi ce har yanzu ke mulki.

Ayar da muka zo dominta sai da muka fita gabas, kan babbar hanyar Damagaram, zuwa Cadawa da ƙauyukan wajen Agye. Ƙasar wurin rairayi ce mai laushi, irin wadda aya ke so. Ɗan Alhaji ya kai mu gonar wani manomi da ake cikin tono. Ban taɓa tsammanin wahalar da ke bayan kofin kunun aya ta kai haka ba. Sai ganyen ya bushe a ƙone shi, a farfasa ƙasar, sannan mata da yara su zauna da rariya suna ɗibar ƙasa suna tankaɗewa, suna sheƙewa a iska. Ƙura ta rufe su har gashin ido, wasu sun ɗaure hanci da gefen mayafi, wasu ko wannan babu, ga tari. Ana biyan su da awo, gwargwadon tiyar da mace ta tara. Na gaida wata tsohuwa, na ce: "Sannu da aiki, Iya." Ta ɗago ta ce: "Yawwa ɗan nan, ku ne masu saye? To ku riƙa tunawa da mu in kuna yanka farashi." Na kasa ba ta amsa.

Manomin ya bayyana mana lissafinsa. Aya tana cin ƙasa, dole sai da taki mai yawa, takin kuma daga Nijeriya yake zuwa. Yakan ci bashin taki a hannun ɗan kasuwa da damina, da kaka ya biya da aya a farashin da mai bashi ya yanka, lokacin da kaya suka cika kasuwa suka faɗi. Wanda ke da rumbu da jari shi ke ajiyewa har azumi ko bazara farashi ya tashi. Daga nan buhu ya hau mota, ya biya a wannan shinge ya biya a wancan, ya iso Katsina ko Dawanau, a nan ma a sake juye shi a tace da hannu domin akwai tsakuwa da ƙasa a ciki. Wani ya wuce Legas da Onica wurin masu kunu, wani a zuba a kwantena zuwa Sifen, inda mutanen Balensiya ke yin abin shansu na aya, su kuma niƙa gari su matse mai su zuba a kwalabe masu kyau. Na tsaya a bakin gonar ina lissafi a zuci: daga hannun Iya har zuwa jirgin ruwa, babu inda aka ƙara wa ayar nan komai sai kuɗin mota da kuɗin shinge da ladan dillali. Mun zama kamar mai kiwon saniya da ke sayar da nono a bakin garke, ya koma kasuwa ya sayi man shanu da tsada.

A kasuwar Cadawa Kawu ya nuna min aikin da ba a koya a makaranta. Ya soka hannu har gwiwar hannu cikin buhu ya ɗebo daga ƙasa, ya tauna, ya murza a tafi ya ga yawan ƙasar da ta rage, ya ware manya da ƙanana. Ya saya kaɗan don gwaji, ya bar sauran ciniki a hannun ɗan Alhaji. An gargaɗe mu kada mu kuskura mu haɗa da wake ko gero a lodi, domin tun Oktoban 2024 hukumomin Nijar suka hana fitar da hatsi zuwa waje in ban da Mali da Burkina Faso. Na fahimci dalilinsu, suna tsoron tsadar abinci. Sai dai manomin wake da ya saba sayar wa Bakatsine yanzu shi ke kuka, kamar yadda manominmu ya yi kuka duk lokacin da aka tare masa hanya ta wannan ɓangaren.

Daga nan muka shiga babbar bas ta Rimbo, muka ratsa Gazawa da Tasawa da Takeita. A Gazawa Kawu ya nuna min manyan turakun lantarki, ya ce layin nan daga Katsina ya taso, shi ke ba Maraɗi da Damagaram wuta. Da aka yanke shi a Agustan 2023 lokacin takunkumi, masu ƙanƙara da masu walda da masu niƙa a garuruwan nan ne suka fara ji.

Damagaram ta burge ni. Duwatsu a tsakiyar gari, tsofaffin gidajen Birni masu zane a bango, fadar Sarkin Damagaram, da Zango inda ayarin raƙuma ke sauka a da. Ita ce hedikwatar Nijar har 1926 kafin a mayar Yamai. Mun kwana a wani ƙaramin masauki, jika goma ɗaki, da fanka da bokitin ruwa biyu a bakin ƙofa, domin famfo sai tsakar dare yake kawowa in ya kawo. Matsalar ruwa tsohuwa ce a garin, 'yan ga-ruwa da amalanken jarkoki ko'ina. Na yi tunanin duk mai son kafa masana'anta a nan da ruwa zai fara karo, kamar yadda mu a Katsina da wuta muke fara karo. A Kasuwar Dole na ga kanwa da gishirin Bilma da dabino da tabarmi, na sayi kilishi mai yaji da ban taɓa cin irinsa ba. Sannan muka je majema. Ramuka ne na jima, da bagaruwa da toka, maza tsaye cikin ruwa har ƙwauri suna murza fata, wari kuwa sai mai ƙarfin hali. Fatar jar akuyar Maraɗi ta yi suna a duniya saboda laushi da ƙarfinta. Wani dattijon majemi ya ce mafi kyawun fatun ba sa ma zuwa hannunsu, ɗanyu ake sa musu gishiri a kai Kano, masana'antun Sharaɗa da Challawa su yi rabin aiki, a wuce da su Italiya da Sifen. Abin da ya rage musu shi dukawa ke ɗinka jaka da takalmi da kube. Labarin aya ne aka sake ba ni da fata.

Matatar mai ta SORAZ tana arewa da gari, an buɗe ta a Nuwambar 2011, tana tace ganga 20,000 a rana, Sinawa na da kashi 60, gwamnatin Nijar kashi 40. Ba mu je ba, amma tankokinta muka yi ta gani. A nan ne na ga abin da cire tallafin mai a Nijeriya ranar 29 ga Mayun 2023 ya haifar. A da fetur ɗinmu mai araha ne ke cika kwalabe da jarkoki a bakin titunan Nijar. Da ya yi tsada, fasa-ƙwaurin ya ragu, kowa ya koma gidan mai, matatar ta kasa ɗaukar nauyin ƙasar ita kaɗai, har aka yi dogayen layuka a watan Maris na 2025. Shawarar cire tallafin da aka sanar a dandalin Eagle Square na Abuja ta iso har tankin ɗan kabu-kabu a Damagaram.

Komowa ba mu bi ta Maraɗi ba. Muka dawo Takeita muka yanki kudu ta Kance da Matamaye, inda rake da kayan lambu suka cika bakin hanya, muka fita ta Ɗan Barto muka shigo Kwangwalam. Kawu ya daidaita tafiyar ta faɗo ranar Lahadi don mu ci kasuwar Mai'aduwa. Wanda bai taɓa zuwa ba ba zai gane girman cinikin da ke tsakanin ƙasashen nan biyu ba. Shanu, raƙuma, tumaki, balami da uda, tun daga Tanut da Gure ake koro su, tireloli na jere ana lodi zuwa Legas da Fatakwal da Warri. Dillalai na sa hannu cikin riga suna ciniki, miliyoyi na canza hannu babu takarda sai amana da shaidar Sarkin Tike. Naira da sefa duk suna ci. Wani dillali ya ce min da Nijar ta dakatar da fitar da dabbobi gab da babbar sallar 2025, kara ta yi fayau, rago ya gagari mai ƙaramin ƙarfi har Kano. A nan ma dabba a tsaye take tafiya kwana biyu ko uku a mota, ta rame, wata ta mutu a hanya, ga kuɗin shinge tun daga Daura har kudu. Babu mayanka ta zamani mai ɗakin sanyi a kusa da za ta sa nama ya tafi, fata da ƙashi da jini su tsaya a yi aiki da su a gida.

Mun kwana a Daura gidan wata gwaggona. Ta yi mana tuwon dawa da miyar kuɓewa busasshiya, aka raba dare ana hira. Garin ya canza ƙwarai a shekarun mulkin marigayi Muhammadu Buhari, wanda aka binne a gidansa a nan a Yulin 2025: tituna, makarantun gaba da sakandare, da Jami'ar Sufuri da kamfanin CCECC ya gina. Da safe ɗanta ya ɗauke mu a mota ya kai mu inda aikin layin dogo ya ratsa. Wannan ne layin Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, da aka ba kamfanin Mota-Engil a kan kusan dala biliyan 2, aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021. Zai bi ta Kazaure, Daura, Mashi, Katsina, Jibiya, ya ƙare a Maraɗi. Mun hau tudun da aka tara, muka ga gadoji da kwalbatoci da tarin tsakuwa, ya miƙe har inda ido ya ƙare.

A kan tudun nan muka yi gardama da Kawu. Shi a ganinsa jirgi zai kashe ƙananan 'yan kasuwa da direbobi, manya ne za su kama tarago su kwashe komai. Ni kuwa na ce jirgi ba ya tsayawa a katako mai ƙusa, kuma duk abin da zai rage kuɗin hanya alheri ne ga Iya mai rariya da mai shan kunu a Legas. Amma na yarda da shi a abu ɗaya. In jirgin ya zo ya tarar da mu yadda muke, aikinsa kawai ya gaggauta fitar da ɗanyen kaya ya gaggauta shigo da na waje. An buɗe tashar tsandauri a Funtuwa a 2024, an fara ciniki a ƙarƙashin yarjejeniyar kasuwanci maras shinge ta Afirka tun Janairun 2021, duk hanyoyi ne. Abin da za a ɗora a kansu shi ne ba mu tanada ba. Jihar da ke noma auduga a Funtuwa da Malumfashi, take da farar ƙasa a Ƙanƙara, aka gina mata kamfanin mulmula ƙarfe tun farkon shekarun 1980, bai kamata a ce har yau babban abin da take yi wa kayan Nijar shi ne ta ba su hanya su wuce ba.

Muka kamo hanyar gida ta Shargalle da Mashi. Shingayen wannan hanya ba su kai na Jibiya ba, mota ta yi gudu. Wajen Mashi Kawu ya ce in fito da littafin nan da ya hana ni rubutu a ciki, ya sa na lissafa masa abin da buhu ke ci daga Cadawa zuwa shagonmu, da abin da muke biyan mata masu tsince tsakuwa, da bambancin farashin tatacciyar aya da mai ƙasa a Dawanau. Ya sa na sake lissafin da kuɗin dizal, sannan da kuɗin sola. Ya ce injin da za mu fara da shi ƙarami ne, wanda maƙeran Kano ke haɗawa, kuma matan da ke mana tsinta ba za a sallame su ba, su za su koma awo da ɗurawa a leda. Ya ce kuma in rubuta wa ɗan Alhaji saƙo, a tambayi manomin nan ko zai yarda mu ba shi taki da damina a kan farashin ranar da ya kawo kaya, ba farashin da muka yanka ba. Na tura saƙon muna shiga Ƙofar Durɓi, amsa ta zo bayan isha'i cewa manomin ya amince, har maƙwabtansa biyu na tambaya ko za a sa da su.